DODON KWALI DA JININ CAKULAN
Abin da ke jan masu sharhi zuwa ga fina-finan tsoro masu araha

A shekarar 1953 aka nuna wani fim a gidajen silima na ƙasar Amurka mai suna Robot Monster. Labarinsa shi ne wani dodo ya sauko daga sararin samaniya, ya hallaka ƴan Adam kaf, sai ƴan ƙalilan da suka tsira. Da lokacin bayyanar dodon ya yi, sai ƴan kallo suka ga wani ƙato sanye da rigar gashi ta goggon biri, an kifa masa kwalkwali irin na masu nutso cikin teku, an kafa wa kwalkwalin tsinkayen ƙarfe guda biyu. A bakin kogon da yake zaune kuwa ga wata na'ura bisa tebur tana ta fesa kumfar sabulu, wai tana cikin kayan da yake magana da shugabansa. Dalili shi ne saurayin da ya shirya fim ɗin, Phil Tucker, ba shi da kuɗin ƙera mutum-mutumin ƙarfe, sai ya ɗauko wani abokinsa mai rigar biri. Cikin kwana 4 aka gama ɗauka, kuɗin da aka kashe kuma bai wuce dalar Amurka dubu 16 ba.

Masu iya magana sun ce araha ba ta ado, kuma lalle wannan fim ba shi da ado ko kaɗan. Amma fa bayan shekara fiye da 70, an manta da ɗimbin fina-finai masu tsada da suka fito tare da shi, goggon birin nan kuwa har yanzu ana rubutu a kansa. Akwai mutane masu ilimi, a Amurka da Faransa da sauran ƙasashe, waɗanda suka ƙarar da ƙuruciyarsu wajen kallon irin waɗannan fina-finai da yin sharhi a kansu. Ruwa ba ya tsami banza. Mene ne suke samu a ciki?

Yadda sana'ar ta samo asali

Tun cikin shekarun 1930, lokacin da talauci ya addabi Amurka, masu gidajen silima suka soma nuna fim biyu a kan tikiti ɗaya: babba mai manyan ƴan wasa, da ƙarami wanda aka yi shi da gaggawa don cika lokaci. Bayan yaƙin duniya na biyu telebijin ya shiga gidaje, magidanta suka rage fita da dare, samari da ƴanmata suka zama su ne kasuwa. Aka yawaita filayen silima inda ake kallo daga cikin mota. A shekarar 1958 sun haura 4000 a faɗin ƙasar. Waɗannan filaye suna bukatar sabon fim kowane mako, kuma abin da matasa ke so shi ne dodanni, da matattu masu tashi daga kabari, da baƙi daga wasu taurari.

Kamfanin da ake kira American International Pictures, wanda aka kafa a 1954, ya shahara da wata dabara: a fara samo suna mai tayar da hankali, a zana hoton talla mai ban tsoro, in masu gidajen silima sun nuna sha'awa sa'an nan a rubuta labarin. Gwarzon wannan fage shi ne Roger Corman, wanda ya rasu a 2024 yana da shekara 98. A ƙarshen 1959 ya ɗauki mafi yawan fim ɗinsa The Little Shop of Horrors, labarin wata shuka mai cin mutane, cikin yini biyu da dare ɗaya, a ɗakunan da aka gina wa wani fim daban kafin a rushe su.

Sana'ar ba ta tsaya a Amurka ba. A Meziko an yi ta nuna ɗan kokawar nan mai rufe fuska, El Santo, yana dambe da matsafa da masu shan jini. A Indiya ƴan'uwan nan da ake kira Ramsay sun cika kasuwa da fina-finan tsofaffin gidaje da fatalwa tun daga 1972. A Turkiyya kuwa, a 1982, an yi wani fim na yaƙin taurari wanda aka yanko wasu sassansa kai tsaye daga Star Wars aka liƙa.

Su wane ne masu sharhin?

Da farko manyan jaridu ba su ɗauki waɗannan fina-finai a bakin kome ba, saboda haka masu ƙaunarsu ne suka ɗauki alƙalami da kansu. A 1954 wata mace mai laƙabin Vampira ta soma gabatar da tsofaffin fina-finan tsoro a telebijin na birnin Los Angeles, tana yi tana zolayarsu. A 1957 aka sayar wa gidajen telebijin tarin fina-finan tsoro guda 52, tashoshi da dama suka nemo masu gabatarwa irinta. A 1958 mujallar Famous Monsters of Filmland ta fito domin yara da samari. A Faransa ma an kafa mujallar Midi-Minuit Fantastique a 1962, wadda ta ci sunan wani gidan silima na birnin Paris, sai kuma Mad Movies a 1972.

Al'amarin ya ƙara ƙarfi a 1980, sa'ad da wasu ƴan'uwa biyu, Harry da Michael Medved, suka wallafa littafin The Golden Turkey Awards, watau lambobin talotalon zinariya, domin a bakin Amurkawa fim da ya lalace talotalo ne. Bayan shekara 3 wani mai suna Michael Weldon ya fitar da ƙamus guda mai ɗauke da bayanin fina-finai fiye da 3000 irin waɗannan. A 1988 kuma wata ƙaramar tashar telebijin ta birnin Minneapolis ta soma shirin Mystery Science Theater 3000. Tsarinsa mai sauƙi ne: ana nuna mummunan fim, a ƙasan allo ga inuwar mutum ɗaya da ƴartsana biyu suna zaune kamar ƴan kallo, suna ta jefa magana daga farko har ƙarshe. Shirin ya kai ga samun lambar Peabody ta shekarar 1993, ɗaya daga cikin manyan lambobin aikin watsa labarai a ƙasar.

Duk wanda ya taɓa zama bisa benci a silimar fili a Yamai, ko Maraɗi, ko Damagaram, ko Tawa, kafin yawancin gidajen su rufe, ba zai ga baƙon abu a nan ba. Ya san yadda ƴan kallo kan yi wa jarumi ihu ya waiwaya ga mugu a bayansa, ya kuma san cewa washegari a majalisa mai ba da labarin fim yakan fi fim ɗin daɗi. Mai sharhin fim mai araha ɗan wannan gida ne. Bambancin kawai shi ya rubuta nasa a takarda.

Dalili na farko: ɗinkin a waje yake

Rigar da gwanin tela ya ɗinka ba a ganin inda allura ta bi. Wadda ɗan koyo ya ɗinka kuwa kowane zare a bayyane yake, kuma daga gare ta ne mai lura zai gane yadda ake haɗa riga. Haka fim yake. Babban misali shi ne Plan 9 from Outer Space, wanda Ed Wood ya shirya, aka sake shi kasuwa a 1959. Jiragen baƙin sama masu siffar faranti kayan wasan yara ne da aka rataye da zare. Duwatsun kaburbura na kwali ne, har sukan yi rawa in ɗan wasa ya taɓa su. Cikin zance ɗaya sai a ga rana tsaka, a ga dare, a sake ganin rana. Shahararren ɗan wasan nan Bela Lugosi ya rasu a 1956, kafin a soma aikin, abin da ya bari ƴan mintoci ne da aka ɗauka babu sauti. Sai Wood ya ɗauko mai gyaran ƙashin da ke duba matarsa, wanda ya fi mamacin tsawo kuma bai yi kama da shi ba, ya sa shi ya riƙa rufe fuska da mayafi har fim ya ƙare.

Mai sharhi da ya tsaya ya bayyana abin da ya sa wannan ya ba da dariya, tilas ya bayyana yadda ya kamata a yi: yadda ake daidaita haske, yadda ake yanka hoto a haɗa shi da wani, yadda sauti ke bin motsin baki. Ta haka mai karatu ke koyon sirrin silima ba tare da ya shiga lakwal ba. Kuskuren da ke fili malami ne wanda ba ya ɓoye kome.

Dalili na biyu: akwai lami, akwai mai yaji

Faransawa sun raba munanan fina-finai gida biyu. Akwai wanda suke kira navet, sunan wata saiwar lambu marar ɗanɗano. Shi ne fim lami, mai sa hamma, wanda ba a tunawa da shi bayan an fita. Akwai kuma nanar, wanda ya lalace ƙwarai har lalacewar tasa ta zama abin sha'awa. Masu sharhi na biyun suke nema, kuma galibinsu sun yarda da sharaɗi guda: sai wanda ya yi fim ɗin ya yi shi da zuciya ɗaya, yana ganin abin kirki yake yi.

A dubi Troll 2 na shekarar 1990. Wani Ba'italiye, Claudio Fragasso, ya je jihar Utah da ma'aikatan da yawancinsu ba su jin Ingilishi sosai, ya tara mutanen gari waɗanda ba su saba wasa ba. Wanda ya fito a matsayin uba likitan haƙori ne. Labarin na wasu gajerun dodanni ne da ba su cin nama, saboda haka sai sun mai da mutum ganye kafin su cinye shi. Babu dodon da ake kira troll ko ɗaya a ciki, kuma fim ɗin ba shi da dangantaka da na farko mai wannan suna. Duk da haka kowa a cikinsa ya dage iyakar ƙarfinsa, kuma wannan dagewar ce ta sa bayan shekaru ake cika gidajen silima domin kallonsa.

Da ƴan kasuwa suka ga akwai riba, sai suka soma yin munanan fina-finai da gangan, irin su Sharknado na 2013, inda guguwa ke kwaso manyan kifayen teku tana zubo wa mutanen birni. An kalle shi, an yi dariya, amma da yawa daga cikin masu sharhi sun ce ɗanɗanon ba ɗaya ba ne. Wanda santsi ya kwashe yana tafe da taƙama, da wanda ya faɗi don a gan shi, ba su ba da dariya iri ɗaya.

Dalili na uku: zinariya cikin yashi

Mai wankin zinariya yakan zubar da ƙwarya ɗari ta yashi kafin ya ga ƙyalli. Haka mai sharhin nan yake, domin rashin kuɗi daban, rashin basira daban. A 1968 George Romero da abokansa na birnin Pittsburgh suka yi Night of the Living Dead da wajen dalar Amurka dubu 114. Da yake fim ɗin fari da baƙi ne, ruwan cakulan suka yi amfani da shi a madadin jini. Jarumin baƙar fata ne, Duane Jones, abin da ba a saba gani ba a Amurkar wancan zamani. Wasu manyan jaridu sun yi tir da shi, amma masu sharhin da suka dube shi da idon basira suka ga hoton ƙasar da ke fama da yaƙin Biyetnam da rikicin launin fata. A 1999 babban ɗakin karatu na majalisar dokokin Amurka ya sa shi cikin fina-finan da ake adanawa domin tarihi.

Sam Raimi yana ɗan kimanin shekara 20 ya ɗauki The Evil Dead a wata bukkar katako cikin dajin Tennessee. Da ba shi da kuɗin na'urar gungura kamara, sai ya ɗaure ta a jikin katako, mutum biyu suka kama suna gudu da ita. Marubucin nan Stephen King ya ga fim ɗin a Cannes a 1982, ya rubuta yabo a kansa, yabon nan ya taimaka aka sami masu rarraba shi. Raimi ne ya zo ya shirya Spider-Man a 2002. A ƙasar New Zealand kuwa Peter Jackson ya shafe shekara 4 yana ɗaukar Bad Taste a ranakun hutu, yana gasa fuskokin dodanninsa a murhun girkin mahaifiyarsa. Fim ɗin ya fito a 1987. A 2004 kashi na uku na The Lord of the Rings, wanda shi ya shirya, ya kwashe lambobin Oscar 11. Bugu da ƙari, Francis Ford Coppola da Martin Scorsese da James Cameron duk sun yi aiki a ƙarƙashin Corman suna samari. Mai sharhin da ya fara cewa a dubi yaron nan yana da abin alfahari har ƙarshen ransa.

Inda gizo ke saƙa

Sai dai wanda ake yi wa dariyar mutum ne mai rai da iyali. Ed Wood ya mutu a watan Disamba na 1978 yana da shekara 54, cikin talauci da shaye-shaye, ƴan kwanaki bayan an kore shi daga gidan haya. Shekara 2 bayan haka littafin ƴan'uwan Medved ya naɗa shi mafi rashin iyawa cikin masu shirya fim, ya kuma naɗa Plan 9 mafi muni cikin fina-finai. Daga nan sunansa ya zagaya duniya, wasu suka ci riba da aikinsa, shi kuwa yana kabari.

Labarin Manos: The Hands of Fate ya fi wannan ban tausayi. Wani ɗan kasuwa na garin El Paso a jihar Texas, Harold Warren, ya ci alwashin cewa shi ma zai iya yin fim ɗin tsoro. Ya tara wajen dalar Amurka dubu 19, ya samo kamarar da ake murɗawa da hannu, wadda ba ta ɗaukar fiye da daƙiƙa 32 a jere kuma ba ta ɗaukar sauti. Daga baya mutane ƙalilan suka ari muryoyin kowa da kowa. Ƴan wasan ba su sami lada ba, sai ƙaramar yarinyar da aka saya wa keke, da karen gidansu da aka ba buhun abinci. Daren da aka fara nuna shi, a watan Nuwamba na 1966, ƴan kallo suka fashe da dariya, waɗanda suka yi aikin suka sulale tun ba a tashi ba. Warren ya rasu a 1985, shekara 8 kafin shirin telebijin na Minneapolis ya tono fim ɗin ya nuna wa duniya. Shi ma Fragasso, a fim ɗin tarihi da aka yi a 2009 kan masu ƙaunar Troll 2, an gan shi ransa a ɓace, yana mamakin abin da ya sa ake dariya a wuraren da shi bai nufi dariya ba.

A nan ne ake gane mai sharhin kirki. Mutanen Nijar sun san wasan taubasai, wanda hukumar UNESCO ta sa cikin gadon al'adun ƴan Adam a 2014. Taubashi yana da izinin faɗa maka abin da wani bai isa ya faɗa ba, amma bisa sharaɗi: ranar da wahala ta same ka shi ne a gaba. Wanda ya yi zolaya ba tare da wannan sharaɗi ba, sunan abin da ya yi wulaƙanci. Masu ƙaunar waɗannan fina-finai sun sha cika sharaɗin. A 1994 Tim Burton ya yi fim a kan rayuwar Ed Wood, ya nuna shi mutum mai buri wanda bai san sarewa ba, Martin Landau kuma ya sami lambar Oscar saboda fitowa a matsayin Lugosi. A 2011 wani mai ɗaukar hoto, Ben Solovey, ya tsinci ainihin faifan aikin Manos cikin tarin tsofaffin kaya. Masoya suka tara masa wajen dalar Amurka dubu 48, fiye da ninki biyu na kuɗin da aka yi fim ɗin da su, aka gyara shi aka sake fitar da shi a 2015. Mutum ba ya ciro kuɗi daga aljihu domin ceton abin da ya raina.

Abin lura

Ƙasar nan ta san yin fim da hannu ƙalau. Marigayi Mustafa Alasan, wanda ya zauna a Tawa shekaru masu yawa kuma ya rasu a 2015, ya yi fim ɗin zane na kwaɗi tun 1965, ya yi na kaboyi a 1966, sa'an nan ya yi Toula, labarin budurwar da aka miƙa wa aljanin ruwa a lokacin fari. Aikinsa ba ya cikin sahun abin dariya. Shaida ne cewa ƙarancin kayan aiki ba ya hana gwaninta. Yau kuma duk saurayin da ke riƙe da wayar hannu yana riƙe da kamarar da ta fi ta Harold Warren nesa ba kusa ba, kuma da yawa suna gwada sa'arsu da labaran aljanu da mayu, da garin alli a fuska da jan ruwa a baki.

Yawancin abin da za su fitar zai ba da dariya, kuma ba laifi a yi dariyar. Abin da ake bukata shi ne masu sharhi da za su kalla har ƙarshe, su nuna inda zare ya fito, su rubuta sunan wanda ya yi aikin da shekarar da ya yi shi, su kuma faɗa in sun ga ƙyalli cikin yashi. Wanda ya ɗinka riga ta karkace ya fi wanda bai taɓa zura zare a allura ba, kuma ba wanda ya san a cikin ƴan koyon yau wane ne gwanin gobe.